Fim ɗin Deliverance da hakkin mutanen bakin kogi

Wasu 'yan birni su huɗu sun tsaya shan mai a wani ƙauye na kan tsauni a arewacin jihar Jojiya ta Amurka, da kwale-kwale biyu ɗaure a kan motocinsu. Kafin a gama zuba man, ɗayansu mai suna Bobby ya fara yi wa mutanen wurin dariya: tufafinsu, tarkacen motocin da ke zube a ƙofar gidajensu, har kamanninsu. Wani kuma, Drew, ya ciro jitarsa yana gyara tsirkiya, sai wani yaro da ke zaune a baranda ya amsa masa da banjo. Kiɗa ya yi daɗi, wani dattijo ya taka rawa. Da aka gama, Drew ya miƙa wa yaron hannu don su gaisa, yaron ya kau da kai.

Wannan yana cikin farkon fim ɗin Deliverance, wanda John Boorman, Baturen Ingila, ya ba da umarni, aka fara nuna shi a watan Yulin 1972. Sunan na nufin kuɓuta. Sama da shekara hamsin ke nan ana sa shi a sahun gaba na finafinan da ake fita yawon daji don nishaɗi, tafiyar ta rikiɗe ta zama neman tsira da rai. Ya cancanci wannan matsayi. Amma yawancin masu kallo sun fito daga gidan sinima da darasin da ba shi ne mafi girma a cikinsa ba, wato a ji tsoron mutanen ƙauye. Abin da ya fi nauyi a fim ɗin shi ne halin baƙin nan huɗu, da madatsar ruwan da ke tafe, da kuma tambayar wa ya yi asara bayan an naɗe kyamara an koma birni.

Labarin ya fito ne daga littafin James Dickey na 1970, kuma shi Dickey ɗin ne ya rubuta shi don fim. Marubucin waƙa ne ɗan Atlanta, wanda ya taɓa aikin tallace-tallace kafin waƙa ta fito da sunansa. Mutanensa huɗu su ma 'yan Atlanta ne masu rufin asiri. Lewis, wanda Burt Reynolds ya fito a matsayinsa, shi ne jagora, maharbi da kwari da baka, mai ganin cewa rayuwar birni ta sangarta maza. Ed, wato Jon Voight, mutum ne mai sanyin hali da ya bar mata da ɗa a gida. Ned Beatty ne Bobby, ɗan inshora mai ɓarin baki, Ronny Cox kuma shi ne Drew mai jita. Beatty da Cox ba su taɓa fitowa a fim ba kafin wannan. Abin da ya fito da su shi ne labarin cewa za a datse kogin Cahulawassee, kogin da Dickey ya ƙirƙira, kwarin gaba ɗaya ya zama tabki, don haka suna son su tuƙa shi kafin ya ɓace.

Tun a nan ya kamata mai kallo ya tsaya ya yi tunani. Wutar da madatsar za ta samar birni za ta tafi, Lewis da kansa ya faɗi haka a farkon fim ɗin. Ke nan mutanen da za a nutsar da kwarin dominsu su ne suka zo yi masa bankwana, suna kuma yi wa waɗanda za a tasa kallon hadarin kaji. Ba su nemi ɗan jagora ba. Da suka yi cinikin wanda zai kai musu motocinsu garin Aintry da ke can ƙasan kogi, ɗaya daga cikin 'yan'uwan gidan Griner da suka yi cinikin da su ya tambayi Lewis abin da zai kai su cikin wannan ruwa, Lewis ya ba shi amsar isa. Daga nan ya figi mota yana tsere da su, har ya ɓata hanyar zuwa bakin kogin da ya ce ya sani. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Waɗannan sun mai da ɗan gari direban haya, suka wuce.

Yini na farko lafiya lau. A rana ta biyu Ed da Bobby suka riga sauran, suka tsaya a gaɓa, sai ga mutum biyu sun fito daga cikin kurmi, ɗaya da bindiga. Suka ɗaure Ed a jikin bishiya, ɗaya ya yi wa Bobby fyaɗe. Ana shirin juyowa kan Ed ne Lewis ya iso a ɓoye, ya saki kibiya ta huda mai laifin, ɗayan ya ranta a na kare. Wannan wuri yana da wuyar kallo, kuma bai dace da yara ba sam. Boorman bai ƙawata shi da kiɗa ko dabarar kyamara ba, ya bar shi da muninsa. Ned Beatty ya sha tsokana a titi shekara da shekaru saboda wannan rawa da ya taka, har a 1989 ya rubuta maƙala a jaridar New York Times inda ya ja hankalin maza kan abin da mata ke fama da shi na tsoron fyaɗe. Cewa mutane da yawa sun mai da wannan fitowa abin barkwanci yana nuna yadda aka yi wa fim ɗin gurguwar fahimta.

Zuciyar fim ɗin tana cikin mintunan da suka biyo baya, lokacin da mutum huɗu suka tsaya a kan gawa suna gardama. Drew ya ce a kai maganar gaban hukuma, domin kisa ne na kare kai, kuma doka tana nan. Lewis ya ce a wannan yanki kowa dangin kowa ne, waɗanda za su zauna su taya alƙali yanke hukunci 'yan'uwan mamacin ne, don haka a binne shi kawai, nan da 'yan watanni tabki zai rufe kabarin da komai. Bobby ba ya son duniya ta ji abin da aka yi masa. Aka kaɗa ƙuri'a, Ed ya bi bayan Lewis.

Drew ne mai gaskiya, kuma ya kamata a faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Tsoron Lewis ba na banza ba ne, kunyar Bobby kuwa duk mai tausayi zai fahimce ta. Amma hujjar Lewis ta ginu ne a kan zaton cewa a duk faɗin gundumar babu mutum goma sha biyu masu adalci, kuma ba shi da wata shaida a kan haka face rainin da ya taho da shi daga Atlanta. Mutum biyu sun aikata mugun laifi, sai ya shafa wa al'umma guda baƙin fenti. Madatsar da ya yi ta tsine wa a hanya, ita ce yanzu ya mai da abokiyar rufa asiri. Daga wannan ƙuri'a komai ya lalace. Drew, wanda ya haƙa kabarin da hannunsa kamar ya zautu, ya shiga kwale-kwale bai sa rigar ceto ba, suna shiga gangaren ruwa ya kifa ya ɓace. Kwale-kwalen biyu suka yi karo, na katakon ya tsage gida biyu, Lewis ya karye a cinya. Jarumin da ya cika baki ya ƙare tafiyar a kwance yana nishi.

Lewis ya dage cewa harbin Drew aka yi daga saman dutse. Fim ɗin bai taɓa tabbatar da haka ba. A kan wannan zato Ed ya hau dutsen cikin dare da baka a bayansa, shi da hannunsa ya yi ta rawa da safe ya kasa harbin barewa. Gari na wayewa ya ga mutum da bindiga, ya harbe shi, shi ma ya faɗi a kan kibiyarsa ta soke shi a kwiɓi. Wanda ya gudu jiya mai giɓi ne. Ed ya buɗe bakin gawar ya ga haƙora, hankalinsa ya tashi, sannan ya gane na roba ne. Shi ne ko ba shi ba? Da suka isa Aintry sai ga wani ɗan sanda yana cigiyar surukinsa da ya fita farauta bai dawo ba. Boorman ya bar wannan ƙofa a buɗe da gangan, kuma a nan gwanintarsa take. Mai yiwuwa ne mutumin kirkin nan mai mata da ɗa ya kashe maharbin da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ɗaura masa dutse ya nutsar. Haka suka yi wa gawar Drew ma, abokinsu, don kada likita ya duba ta.

Abin da masu ba da labarin fim ɗin kan tsallake shi ne yadda garin ya karɓe su. 'Yan gidan Griner sun kai motocin inda aka yi alkawari. Likita ya yi musu magani. A masauki aka zaunar da Ed a teburin abinci cikin tsofaffin gari, ana miƙa masa kwano ana hira, sai ya fashe da kuka, mutanen suka kawar da kai suka ci gaba da zancen amfanin gona don kada ya ji kunya. Wannan kara ce irin wadda duk wanda ya tashi a karkara ya sani. Shugaban 'yan sandan gundumar, wanda Dickey da kansa ya fito a matsayinsa, ya gane ƙarya suke yi amma ba shi da gawa a hannu, sai ya sallame su da gargaɗin kada su sake dawowa. A hanyarsu an nuna coci ɗaure a kan tirela ana jan sa zuwa tudu, ga ma'aikata suna tone kaburbura. Cikin mutanen yankin da suka fito a fim ɗin, biyu ne miyagu. Sauran talakawa ne da ake kwashe wa gari.

Duk da haka ba za a wanke Boorman tas ba. Kyamararsa ta daɗe a kan fuskokin da ya zaɓo don su firgita ɗan birni, ta leƙa ta taga cikin wani gida don nuna tsohuwa da yarinya mai lalura, kamar dai cuta da talauci alamun mugunta ne. Yaron nan mai banjo, Billy Redden, ɗan makaranta ne daga gundumar Rabun, lafiyarsa ƙalau. Kamanninsa aka duba aka ɗauke shi, aka ƙara masa kwalliya don ya yi kama da mai taɓin ƙwaƙwalwa. Bai ma iya banjo ba, wani makaɗi ne ya ɓuya a bayansa ya zuro hannu yana danna tsirkiya. Fuskarsa ta zagaya duniya, shi kuwa ya ci gaba da ƙananan ayyuka a garin Clayton, sai a 2003 Tim Burton ya nemo shi ya ba shi 'yar fitowa a fim ɗin Big Fish. An kashe kusan dala miliyan 2 wajen yin Deliverance, ya kawo fiye da miliyan 40.

Kiɗan ma da nasa labarin. Eric Weissberg da Steve Mandell ne suka kaɗa shi da sunan Dueling Banjos, ya kai na biyu a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka a 1973, ya kuma ci kyautar Grammy. Amma Arthur Smith, makaɗi ɗan Karolina, shi ya tsara shi tun 1955, aka ɗauka ba a sa sunansa ba, sai da ya kai ƙara ya yi nasara. Bahaushen da ya ji sautin banjo ya ji kamar ya san shi bai yi kuskure ba. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a can da ƙwarya da fata, dangin gurmi da molo ne. Abin takaici ne a ce kayan kiɗa mai wannan tarihi, kuma a wurin da ya fi kowane daɗi a fim ɗin, inda ɗan birni da ɗan ƙauye suka fahimci juna na minti uku ba tare da magana ba, shi ne ya zama alamar tsoro. Har yau a Amurka ana kaɗa 'yan sautukan farko na wannan kiɗa idan ana son a ce an shigo yankin gidadawa masu haɗari, ana kuma sayar da riguna masu rubutun zolaya a kan haka. Finafinai irin su Wrong Turn na 2003 sun ɗauki wannan tsoro kaɗai suka yi jari da shi, suka zubar da duk tambayoyin da Boorman ya yi.

Masu kare fim ɗin suna da abin faɗa, kuma ba ƙarami ba ne. An ɗauki yawancinsa a 1971 a kogin Chattooga, wanda ya raba Jojiya da Karolina ta Kudu, da kuma kwazazzabon Tallulah, hotunan Vilmos Zsigmond suka nuna wa Amurkawa kyawun wurin da yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba. A 1974 majalisar dokokin ƙasar ta sa Chattooga cikin kogunan da doka ta hana a datse. Jimmy Carter, wanda yake gwamnan Jojiya a lokacin, ya ga kuɗin da fim ɗin ya shigo da su, ya kafa ofishin harkar finafinai na jihar a 1973, kuma yau Jojiya tana cikin manyan wuraren shirya fim a Amurka. Sana'ar kai masu yawon buɗe ido cikin kogin ta kafu, mutanen Rabun da dama sun ci abinci da ita. An sa fim ɗin takarar Oska uku, har da na fim mafi kyau, a shekarar da The Godfather ya lashe, a 2008 kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa don tarihi.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kuɗin yawon buɗe ido ba sa goge suna. A 2012, da aka shirya bikin cikar fim ɗin shekara arba'in a gundumar, mazauna da dama sun fito sun ce ba su ga abin murna ba a fim ɗin da ya sa ake yi wa 'ya'yansu dariya duk inda suka ambaci garinsu. Dokar da ta kare kogin ma ta zo da rufe wasu hanyoyin mota da iyalan yankin suka saba bi zuwa bakin ruwa don kamun kifi da shaƙatawa. Akwai kuma waɗanda suka kalli fim ɗin suka ɗauki darasin a juye. 'Yan wasan sun yi yawancin wuraren haɗarin da kansu, Voight ya hau dutse, Reynolds ya ji ciwo a ƙashin gindin baya da ruwa ya wurga shi, kuma wannan bajinta ta ruɗi samari. A shekarun da suka biyo baya mutane sun yi ta tururuwa zuwa Chattooga ba horo ba kayan kariya, da dama suka nutse, mutanen yankin da aka zana a matsayin dodanni kuma suna cikin masu fita neman gawarwakin.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙon wannan labari ba ne. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, dubban mutane aka tasa, tsohon garin Bussa ya nutse, aka gina sabo a tudu. A gangaren ruwan Bussa ɗin nan ne Mungo Park ya halaka a 1806, baƙon da ya ratso kogin Kwara yana wuce sarakunan gaɓa, aka kuma daɗe ana karanta labarin mutuwarsa daga bakin mutanensa kawai. A Bakolori, a 1980, manoman da suka nemi diyyar gonakinsu da harsashi aka amsa musu. A finafinan Hausa kuwa ɗan ƙauye ya daɗe a matsayin bagidajen da ake sa wa hula a karkace don a yi dariya, alhali shi ke noma abin da mai dariyar ke ci. Wanda ya san waɗannan zai kalli Deliverance daga barandar da yaron nan yake zaune, ya ga motoci biyu sun tsaya, baƙi sun fito suna nuna gidansu da yatsa. Daga can, kau da kan da ya yi wa Drew ba ya buƙatar fassara.

Fim ɗin ya ƙare da Ed a gadonsa a Atlanta, ya farka a firgice bayan ya yi mafarkin hannun gawa yana tasowa daga tabki. Shi ya koma gida da mafarki. Kogin Coosawattee, wanda tafiyar Dickey a cikinsa ta ba shi tunanin labarin, madatsar Carters ta haɗiye gangarensa a shekarun 1970. Wurin tone kaburburan nan kuwa na gaske ne. A kwarin Jocassee na Karolina ta Kudu aka ɗauke shi, a maƙabartar cocin Mount Carmel, lokacin da kamfanin wuta na Duke yake kwashe matattu kafin ya cika tabkinsa. An gama madatsar a 1973. Yau masu nutso da tulun iska a baya suna biyan kuɗin jirgi a kai su daidai wurin, su sauka can ƙasan ruwa su ga abin da ya rage na maƙabartar.